Hayaƙin da Ya Ƙi Tashi

A watan Janairun 1991, ana tsakiyar yaƙin Tekun Fasha, gidan talabijin na ABC a Amurka ya haɗa masana biyu a shirinsa na Nightline kan tambaya ɗaya: idan shugaban Iraƙi Saddam Hussein ya cika barazanarsa ya cinna wa rijiyoyin man Kuwaiti wuta, me zai samu yanayin duniya? Carl Sagan, wanda a lokacin babu masanin taurarin da ya kai shi suna, ya ce hayaƙin na iya yin sama ya tare rana, ya dagula daminar kudancin Asiya, manoma su tashi a tutar babu. Abokin muhawararsa Fred Singer ya ce sam, hayaƙin ba zai yi nisa ba, cikin 'yan kwanaki zai sauko.

Saddam kuwa bai fasa ba. Sojojin Iraƙi suka kunna rijiyoyi fiye da 600, miliyoyin ganguna na ƙonewa kullum, kuma ba a kashe ta ƙarshe ba sai ranar 6 ga Nuwamba. A birnin Kuwaiti akwai ranakun da direbobi ke kunna fitila da azahar, kuma a ƙarƙashin hayaƙin zafi ya ragu da digiri da dama. Sai dai masu binciken da suka ratsa shi da jirage, cikinsu har da Peter Hobbs na Jami'ar Washington da Lawrence Radke, sun tarar bai wuce tsayin kilomita 6 ba. Damina ta sauka a Indiya. Sagan da kansa ya amsa a littafinsa na 1995 cewa hasashensa bai yi daidai ba.

Wannan kuskure ya fi ƙarfin maganar man fetur. Shekara takwas kafin nan, Sagan na cikin mutum biyar da suka shaida wa duniya cewa yaƙin nukiliya zai jawo abin da suka kira hunturun nukiliya: hayaƙin biranen da suka ƙone ya rufe rana, sanyi ya kashe amfanin gona, yunwa ta gama da waɗanda bam bai samu ba. Masu adawa da maganar sun daɗe suna jiran bango ya tsage. Ga gwaji ya zo a fili, baƙin hayaƙi na wata da watanni, duniya ko gezau. Da yawa suka ce zance ya ƙare. To amma me ya hana hayaƙin Kuwaiti tashi? Abin da ya hana shi, zai hana hayaƙin birni? An ɗauki kusan shekara 30 kafin amsa ta fito fili, kuma ba za a gane ta ba sai an koma inda maganar ta faro.

Ta faro ne a wurin da babu bam babu soja. A Nuwamban 1971 kumbon Mariner 9 ya isa duniyar Mars domin ɗaukar hotuna, sai ya tarar ƙura ta lulluɓe ta kaf, ba a hango komai sai kawunan manyan duwatsu. Makonni masana suka yi suna jiran ta lafa. Cikin jiran ne suka lura da abin da na'urorin kumbon ke nunawa: iskar sama inda ƙurar take ta ɗau zafi, ƙasa kuma ta yi sanyi, saboda ƙurar ta tare hasken rana tun kafin ya sauko. Duk wanda ya yi hunturu a Kano ko Damagaram, ya ga ranar da hazo ke mayar da rana fara fat har a iya kallonta ido da ido, jama'a na yawo da rigar sanyi da hantsi, ya san wannan a jikinsa. Sagan da ɗalibansa biyu, James Pollack da Brian Toon, suka juyo da lissafin kan duniyarmu, suka gwada shi a kan duwatsu masu aman wuta irin Tambora na Indonesiya, wanda ya fashe a 1815, shekarar da ta biyo baya kuma ƙanƙara ta lalata gonaki a arewa maso gabashin Amurka da Turai a tsakiyar lokacin zafi.

A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter suka ƙara wani abu. Daga wani siririn layin yumɓu a duwatsun Gubbio na Italiya, suka kafa hujjar cewa wani ƙaton dutse mai faɗin kilomita 10 ya faɗo duniya kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, ƙurarsa ta rufe rana, dabbobin dainoso suka ƙare. Ashe duhu kaɗai ya isa ya yi kisa.

Abin mamakin shi ne, tun 1945 sojoji da masanansu ke lissafin ƙarfin bam: nisan da bugunsa ke rushe gini, zafin da ke ƙona fata, gubar da iska ke ɗauka. Cibiyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka ta fitar da rahoto a 1975 kan illar yaƙin ga duniya baki ɗaya, ta fi mayar da hankali kan iskar ozon mai kare halitta daga cutarwar hasken rana. Babu wanda ya zauna ya ƙirga hayaƙi. Sai a 1982, da mujallar Ambio ta ƙasar Suwidin ta nemi Paul Crutzen, ɗan Holan da daga baya ya ci kyautar Nobel, ya yi rubutu kan ozon ɗin. Shi da John Birks suna cikin aikin ne suka tambayi kansu: gobarar da bama-baman za su tayar fa? Da suka yi lissafi sama-sama, suka ga kunkunniyar da za ta tashi ta isa ta mayar da azahar almuru a rabin duniya. Kunkunniya kuwa ta fi ƙura illa nesa ba kusa ba, domin ƙura fatsi-fatsi ce, tana warwatsa haske wani ya sauko, ita kuwa baƙa ce, shanye shi take yi.

Richard Turco, Toon, Thomas Ackerman, Pollack da Sagan suka ɗauki maganar suka sa a kwamfuta. An fi sanin su da harufan farkon sunayensu, TTAPS, kuma Turco ne ya raɗa wa abin suna. Sakamakon ya fito a mujallar Science ranar 23 ga Disamban 1983: a yaƙin da aka tayar da megatan 5,000, hasken da ke isowa ƙasa zai koma ɗan kaɗan, sanyin tsakiyar nahiyoyi ya kai digiri 15 zuwa 25 ƙasa da sifili. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne megatan 100 kacal, in dai a kan birane aka zuba, zai iya kawo ƙanƙara ta watanni.

A duba shekarar da wannan ya fito. A Maris ɗinta Ronald Reagan ya sanar da shirin kakkaɓo makamai masu linzami daga sararin samaniya. A Satumba Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu. A Nuwamba makaman Pershing II suka fara isa Jamus ta Yamma. A irin wannan zamani babu lissafin da zai tsira daga siyasa, musamman wanda ke cewa wanda ya fara kai hari ya kashe kansa ko da ba a rama ba, kuma ƙasashen da ba ruwansu da faɗan su ma za su ɗanɗana. Sagan bai jira Science ba. Ranar 30 ga Oktoba ya buga labarin a Parade, mujallar da ke shiga miliyoyin gidaje ranar Lahadi, kashegari aka buɗe babban taro a Washington, aka haɗa shi da masanan Mosko ta tauraron ɗan'adam. A ganina nan ya ba abokan gaba sanda. Lissafin nasu ya ɗauki duniya tamkar dogon bututun iska guda ɗaya, babu iskar da ke kawo ɗumin teku kan tudu, babu bambancin rani da damina. Su kansu sun faɗi haka a takardarsu, amma talabijin ba ta da wurin irin wannan togaciya.

Edward Teller, uban bam ɗin haidirojin, ya ce an yi gaggawa. Wani masani, Russell Seitz, ya zarge su da tallata siyasa da rigar kimiyya. Ma'aikatar tsaron Amurka kuwa dabara ta yi: a rahotonta na 1985 ta yarda abin na iya faruwa, sannan ta ce wannan ne ma dalilin da ya sa ake bukatar shirin Reagan da sabunta makamai. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Mosko ma ta ga riba. Vladimir Alexandrov da Georgiy Stenchikov sun samu sakamako mai kama da na Amurkawa da kwamfutarsu, gwamnati ta riƙa tura Alexandrov ƙasa-ƙasa yana bayani. A ƙarshen Maris na 1985, bayan wani taro a birnin Kordoba na Sifaniya, ya ɓace a Madrid, har yau ba shi ba labarinsa. Wannan asirin dai ba na kimiyya ba ne, mu bar shi nan.

Suka mafi nauyi daga cikin gida ta fito. A 1986 Starley Thompson da Stephen Schneider, masanan yanayi a Kolorado waɗanda ba masu son bam ba ne, suka yi amfani da lissafin da ya haɗa da teku da iska da ruwan sama. Sanyin ya ragu ƙwarai, suka ce abin ya fi kama da shigowar ɗari fiye da tsakiyarsa. Sun ƙara da cewa ko hakan ya isa ya lalata noman shekara, amma jaridu suka ɗauki rabin farko suka yar da na biyu. TTAPS su ma a 1990 suka sassauta zuwa raguwar digiri 10 zuwa 20. Sai Kuwaiti ta zo, sai Tarayyar Sobiyet ta rushe, kuɗin bincike ya ƙafe. Reagan da Mikhail Gorbachev, kowannensu ya taɓa ambatar hunturun nukiliya cikin abubuwan da suka taɓa zuciyarsa, kuma makaman duniya sun sauko daga kimanin 70,000 a 1986 zuwa kusan 12,000 a yau. Tambayar kimiyyar kuwa aka bar ta a rataye.

Makullin yana cikin yadda iskar da ke kanmu ta kasu. Hawa na ƙasa, daga doron ƙasa zuwa kilomita 10 ko 16 gwargwadon yanki, nan ne gajimare da hadari da ruwan sama suke. Duk abin da ya tsaya a nan, ruwa zai wanke shi cikin kwanaki ko makonni. A samansa akwai hawa na biyu, sitaratosfiya, inda ba a ruwa. Abin da ya shiga can ya samu wurin zama. Dutsen Pinatubo na Filifin ya nuna haka a watan Yunin 1991, daidai lokacin da rijiyoyin Kuwaiti ke ci: ya cilla iskar farar wuta can sama cikin yini guda, duniya ta yi sanyi da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Abu biyu a shekara ɗaya, ɗaya ya tsallaka iyakar ya taɓa duniya, ɗaya ya tsaya ƙasa ya taɓa maƙwabta kawai. Ke nan yawan hayaƙi bai kai tsayinsa muhimmanci ba.

Me ke kai hayaƙi sama? Tarihi ya ajiye shaidu biyu a Japan. Bam ɗin Nagasaki ya fi na Hiroshima ƙarfi, amma a Hiroshima ne aka samu guguwar wuta. Birnin shimfiɗaɗɗe ne cike da gidajen katako, gobara dubbai suka tashi lokaci guda suka haɗe suka zama ɗaya, zafin ya yi sama, iska ta riƙa kwararowa daga kowane ɓangare tana hura ta, har kimanin murabba'in kilomita 11 ya ƙone ƙurmus. Haka aka gani a Hambug a Yulin 1943. Bam ɗin Nagasaki kuwa ya faɗa kwarin Urakami, duwatsu suka raba gobarar, ba ta haɗe ba. Da wannan a hannu, sai a sake duban Kuwaiti. Rijiyoyin a warwatse suke cikin faɗin hamada, kowace da wutarta, babu inda zafinsu ya taru ya zama ginshiƙi ɗaya. Iskar saman hamadar mai danne abu ce, iskar arewa kuma tana kwashe hayaƙin gefe. Wasu rijiyoyin ma farin hayaƙi suke fitarwa saboda ruwan gishirin da ke fitowa tare da man. Abin da Kuwaiti ta gwada shi ne ɗaruruwan ƙananan gobara, birni kuma gobara ɗaya ce babba.

Saura mataki guda. Ko guguwar wuta ba lalle ta kai hayaƙi har cikin hawa na biyu ba, tana iya ajiye shi a bakin iyaka. Tun a tsakiyar shekarun 1980 Robert Malone da abokan aikinsa a Los Alamos, cibiyar ƙera makaman nukiliya ta Amurka, suka nuna a lissafi cewa baƙin hayaƙi na iya ɗaga kansa: rana ta dafa shi, iskar da ke kewaye da shi ta yi zafi ta yi sama da shi. Kwamfutocin lokacin ba su iya bin sa can sama ba, kuma lissafin 'yan makonni kawai suke yi. A 2007 Alan Robock na Jami'ar Rutgers, da Luke Oman da Stenchikov ɗin nan na Mosko, suka maimaita aikin da lissafin yanayi na hukumar NASA wanda ke kaiwa kilomita 80, suka bar shi ya yi shekara 10. Hayaƙin ya hau, ya ƙi sauka. Da kunkunniya tan miliyan 150, gwargwadon yaƙin Amurka da Rasha, matsakaicin zafin duniya ya faɗi da digiri 7 zuwa 8 na shekaru, ruwan sama ya ragu da kusan rabi. Da tan miliyan 5, daga bam 100 irin na Hiroshima tsakanin Indiya da Pakistan, ya faɗi da digiri 1.25. Sanyin bai kai tsananin na 1983 ba, amma ya fi shi daɗewa sosai, kuma ga manomi daɗewar ce masifa.

Duk wannan lissafi ne, mai shakka na da ikon ya ce a nuna masa. Gobarar daji ce ta nuna. Mike Fromm na cibiyar binciken sojan ruwan Amurka ya gano tun ƙarshen shekarun 1990 cewa wasu hayaƙan da ake gani a sitaratosfiya ana ɗora wa duwatsu masu aman wuta, daga dazuzzukan Kanada suke. Gobara in ta yi girma tana haifar da hadarinta na kanta, hadarin ya zuƙe hayaƙi ya kai sama. Ranar 12 ga Agustan 2017 irin wannan ta faru a lardin British Columbia. Hayaƙi kimanin tan 300,000 ya shiga tsayin kilomita 12, taurarin ɗan'adam na kallonsa, cikin wata biyu ya hau da kansa zuwa kilomita 23, aka ci gaba da ganinsa fiye da wata takwas. Kashi 2 cikin 100 nasa ne kawai baƙar kunkunniya. Ya dai baje da wuri fiye da yadda lissafi ya fara nunawa, aka gyara lissafin. A ƙarshen 2019 da farkon 2020 gobarar Ostireliya ta ninka wannan, wani dunƙulen hayaƙinta ya kai kilomita 35. Gani ya kori ji.

To ko an gama? Tsugune ba ta ƙare ba, gardamar ta sauko ne daga sama ta dawo titi. A 2018 Jon Reisner da tawagarsa a Los Alamos suka lissafa yaƙin Indiya da Pakistan ɗin nan, suka ce kunkunniyar da za ta kai sama kaɗan ce, yanayi ba zai girgiza ba. Akwai masu cewa ai gidan da aka ƙera bam ɗin farko ne, me za su ce? Wannan zargi ba shi da ƙarfi, tunda daga gidan ne hujjar Malone ta fito. Amsar da ta fi ma'ana ita ce ta Robock da Toon: unguwar da aka yi gwajin da ita a gefen birnin Atlanta take, mai filaye da tazara tsakanin gidaje, ba ta kama hanyar cunkoson Lahor ko Mumbai ba. Tsohon littafin gwamnatin Amurka kan illar makaman nukiliya ya ce guguwar wuta na bukatar abin ƙonewa kimanin kilo 40 a kowace murabba'in mita, unguwar kuwa ba ta kai ba. Mutanen Los Alamos suka mayar da martani cewa biranen yau na siminti ne da ƙarfe, bugun bam zai rushe su ya binne katako da roba a ƙarƙashin ɓaraguzai, wutar ta riƙa ci a hankali. A 2020 masanan Lawrence Livermore, ɗaya gidan makaman, suka gwada duka biyun. Da kilo 10 a murabba'in mita, ba wani abu. Da kilo 160, sanyin da Robock ya faɗa.

Nan maganar ta tsaya a yau. Cewa baƙin hayaƙin babbar gobara na hawa sama, yana ɗaga kansa, yana daɗewa, an gani da ido. Cewa rage hasken rana na rage zafi da ruwa da amfanin gona, duwatsu masu aman wuta sun daɗe da tabbatarwa. Abin da ya rage shi ne nawa ne zai ƙone a birnin zamani, da kujerunsa da tayoyinsa da rumbunan mansa, kuma wannan gwaji ne da babu mai hankalin da zai nemi a yi. Kan zaton cewa biranen za su ci da wuta, Lili Xia da abokan aikinta sun ƙiyasta a mujallar Nature Food a 2022 cewa yunwa na iya kashe fiye da mutum biliyan 2 bayan babban yaƙi tsakanin Indiya da Pakistan, fiye da biliyan 5 kuma bayan na Amurka da Rasha, in cinikin abinci tsakanin ƙasashe ya tsaya. Ƙasa irin Najeriya da ke sayo kusan duk alkamarta daga waje, wadda ta ji jiki a 2022 da yaƙin Yukiren ya taɓa tashoshin hatsi kawai, tana cikin wannan lissafi ko da bam bai faɗo ko kusa da Afirka ba.

Kafin 2024, rabon Majalisar Ɗinkin Duniya da ta sa a yi mata irin wannan nazari tun 1988. A Disamban 2024, bisa jagorancin Ailan da Niyu Zilan, Babban Zaurenta ya amince a kafa kwamitin masana 21 masu zaman kansu da zai sake duba illar yaƙin nukiliya, ya miƙa rahoto a 2027. Sin ta goyi baya. Ƙasashe uku ne suka ƙi, wato Rasha da Faransa da Birtaniya, kuma dukkansu masu riƙe da makaman ne.